Kwalaben Rabe Masu Jan Zare

Zuwa ga Gwaggo Sa'adatu, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ki taimake ni don Allah, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshenta ko da rubutun ya ba ki wahala. Ajamin makarantar allo ne, hannuna kuma ya daɗe bai riƙe alƙalami ba. Akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin Harami, amma maganar da ke bakina ba ta shiga kunnen kowa a garin nan.

Ina tsaye ne a gaban kantin wani mai turare a Suƙ Sagir, ƙaramar kasuwar da ke kusa da Harami, na fasa kakin da ke bakin kwalba da farcena, na zare matoshin don in nuna masa kayana masu kyau ne. Warin ya bugi hancina. Kafin in mayar da matoshin na riga na gane abin da mijina ya yi shekaru yana ajiyewa a akwatinsa, na kuma gane abin da na yi masa da bakina a gaban mutane. Giya ce, Gwaggo. A Makka, a hannuna, ina cikin takabarsa.

Bari in koma baya don ki fahimta. Ni mutuniyar ƙasar Ringim ce. Mijina zan kira shi Rabe, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Muna sabon aure muka kamo hanyar gabas a ƙasa, da jaki ɗaya. Mun yi shekaru a hanya. Mun tsinci auduga a Wad Madani ta ƙasar Sudan har muka haɗa abin shiga jirgin ruwa a Sawakin, a Wad Madanin kuma na binne 'ya'ya biyu. Muka iso Makka da 'ya ɗaya a goye, Rumasa'u. Muka sauke farali, muka ce sai baɗi mu koma gida, baɗin da har yau bai zo ba. Muka zauna a unguwar Jarwal cikin 'yan'uwanmu Takari, waɗanda Larabawa ke ce wa Takaruni, a ɗakin kwano da katako.

Sana'ar Rabe ɗaukar shibriya ce. Wani ɗan gado ne na katako da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai, maza huɗu su aza shi bisa gammo su yi musu ɗawafi. Shi da amininsa Tsoho su ne na gaba. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Gashin tsakiyar kansa ya ƙare, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, wuyansa kuma yakan riƙe har sai ya juyo da dukan jikinsa in zai dube ni. Ba ya ƙorafi. In ya dawo da gurasar tamis a hammata sai ya ce, Hajiyar Ringim, yau na ɗauki wata tsohuwa 'yar Jawa da ba ta kai nauyin kaza ba, ko kuwa ya ce sun haɗu da wani Baturke wanda ya kamata a biya su kuɗin mutum uku. Mu yi ta dariya. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ban taɓa ganin asuba ta same shi a kwance ba. Ina faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauke shi ɗan iska.

Yana da akwatin ƙarfe da yake sa kayan aikinsa, gammo da igiya da kwalaben kolonya, turaren ruwan nan mai hoton lemo a jiki wanda mutanen Hijaz ke zuba wa baƙi a tafin hannu. Ya ce mini na aiki ne, in tsoho ya suma a kan shibriya a shafa masa a goshi, abin da ya rage kuma ya murza a wuyansa. Kowace kwalba da jan zare ɗaure a wuyanta. Na taɓa tambayarsa, ya ce alama ce don kada nasa su cuɗu da na abokan aiki. Na yarda. Me zai hana ni yarda? Ni turarena na wuta ne da humra irin ta matan Sudan, ban taɓa sha'awar nasa ba, akwatin miji kuma ba wurin wasana ba ne. Ranar Alhamis bayan la'asar yakan ɗauki guda ɗaya ya hau dutsen bayan gidanmu, wai ya fi iska. Ya dawo yana tauna kanumfari, ya kwanta da wuri, ya yi barcin da ba ya samu a sauran kwanaki. Ni kuwa ina ta murna, ina cewa Allah Ya sa wa kolonyar nan albarka.

A watan azumin tsofaffi ya rasu, cikin tsananin zafi. Sun gama zagaye na bakwai da wata tsohuwa, suka sauke ta lafiya, ya jingina da ginshiƙi ya ce a ba shi zamzam. Kafin a kawo ya cika. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce mini Rabe ya yi mutuwa mai kyau. Da aka kawo shi gida wanka, Tsoho ne ya tsaya a kansa. Ranar na fara buɗe akwatin nan. Na ɗauko kwalba ɗaya na miƙa ta bayan labule, na ce a yayyafa a likkafaninsa, turaren da yake so ne. Tsoho ya karɓa. Bayan sadakar uku sai ga matarsa da kwalbar a naɗe cikin tsumma, kakinta ko taɓawa ba a yi ba, wai malam ya ce kafur da zamzam sun wadatar. Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina, dubi aminin shekara ashirin, ya hana shi ƙamshin ƙarshe. Har na yi kwanaki ina amsa gaisuwarsa a daƙile.

An yi wa Rabe salla a gaban Ka'aba, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. A nan ba a barin mata su shiga, don haka ban san inda yake kwance ba. Sai na yi alkawari tsakanina da Allah, ranar da na fita takaba, kafin in je gidan kowa, zan je in yi masa ɗawafi in ba shi ladan. Shi ne ziyarar da zan iya.

Bayan ƙaramar salla abinci ya ja baya. Mijin Rumasa'u ga-ruwa ne, yana iyakar ƙoƙarinsa, ban so in ƙara masa kaya. Na tuna da kwalaben nan guda shida. Mai takaba ba ta sa turare, ko na fita ma wa zan yi wa ƙamshi? Na san kantin, don wata rana muna wucewa Rabe ya nuna mini shi da haɓa ya ce nan yake sayen maganin wuyansa. Na ce bari in mayar masa da kayansa ya musanya mini da sukari da ganyen shayi da sabulu. Na lulluɓa da hantsi na fita, na ce larura ce, Allah Ya gani.

Na tarar da mai kantin, dattijo mai furfura, da wani mutum a kan benci yana shan shayi, da mata biyu suna cinikin lalle. Na jera kwalaben a kan teburinsa ɗaya bayan ɗaya, a fili, kamar mai tallan tumatir. Larabcina na kasuwa ne, in ina yinsa murya takan ɗaga ban sani ba. Na ce masa waɗannan daga kantinsa suka fito, mijina ne ke saye duk Alhamis, Rabe mai shibriya na Jarwal, Allah yarhamu. Da na ga kamar bai gane shi ba sai na sake faɗin sunan, har da na mahaifinsa, don ya tuna. Na ce ba kuɗi nake so ba, musanya kawai.

Ya fizgo wani buhu ya rufe su kamar mai kashe gobara. Ya ce, ya Hajja, shi bai san wani Rabe ba, bai taɓa sayar da irin wannan ba, in kuwa na ce daga wurinsa suka fito to in kawo wasal, wato takardar shaidar ciniki. Gwaggo, na fi shekara ashirin ina cefane a kasuwar nan, ban taɓa ganin wanda aka rubuta wa takarda don ya sayi turare ba. Rabinmu ma ba mu iya karanta ta ba. Na ce masa wace takarda kuma, ga shaida can a bayanka. Don kuwa ga curin jan zaren nan rataye a ƙusa, iri ɗaya sak da na wuyan kwalaben. Ko a lokacin ban farga ba cewa zancen alamar abokan aiki ya rushe. Na ɗauka yana zargin na tsarma wa turarensa ruwa ne, raina ya ɓaci, na zaro guda daga ƙarƙashin buhun na buɗe.

Na san warin nan. A Wad Madani mun yi maƙwabtaka da wata mata mai dafa giyar dabino da suke kira aragi, nakan ɗauke yarana in koma can ƙarshen layi in ta aza tukunya. Shi ne kuma abin da ke ƙarƙashin kanumfarin nan duk Alhamis, wanda hancina ya sha ji zuciyata ta ƙi tambaya.

Mutumin kan benci ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce a hankali, Allah Ya jiƙan Takaruni, ashe har gado ya bari. Matan nan biyu suka ja mayafi suka fita, lallen ma ba su ɗauka ba. Mai kantin ya tura kwalaben cikin kwandona, ya ɗora ƙullin sukari a kai, ya ce sadaka ce ga mamaci, in tafi, kada in sake dawowa, in ina da 'ya'ya in tuna da su.

Ban san yadda na iso gida ba. Kwalaben suna ta ƙara a kwando, ina cusa gefen mayafina a tsakaninsu, ina ganin kamar duk titin ya ji. A hanya na wuce masu sandunan nan da ke kora mutane salla, ana shirin azahar. Da ɗayansu ya ce in sauke kwando, da bulala ce da kurkuku, daga nan a sa ni a jirgi, ni da ba ni da takardar zama, ba ni kuma da kowa a Ringim da zai gane fuskata.

Tun ranar ban sake zama daidai ba. Kunyar ba iri ɗaya ba ce. Mutumin nan ya rufa wa kansa asiri har ya shiga kabari, Allah Ya rufa masa, sai ni matarsa na ɗauki sunansa da na ubansa na shanya a kasuwa. In na tuna saura kaɗan in sa a yayyafa masa najasa a likkafani, a kai shi gaban Ka'aba da ita, sai in tashi in yi ta istigfari. Ga kunyar wauta, shekara da shekaru ina kwana kusa da mutum, ina sa wa giya albarka. Wani lokaci haushinsa nake ji, in buga murfin akwatin nan har kwanon ɗaki ya amsa. Me ya sa bai gaya mini ba? Mun binne 'ya'ya tare. Wani lokaci kuma sai in tuna yadda yake dafa bango kafin ya miƙe, in ce wataƙila ciwon ya fi abin da ya nuna mini, ni kuwa ina dariyar labarin Baturke. Sai kuma in ce to ranar Juma'a fa, da ita a jikinsa yake zuwa asuba? Da ita yake ɗaukar iyayen mutane? Ba wanda zai ba ni amsa.

Tsoho yakan biyo ya yi sallama daga waje, ya ajiye tamis a bakin ƙofa. Ba na iya fitowa. Yanzu na san ya sani. Abin da ban sani ba shi ne ko tare suke hawa dutsen.

Kwalaben kuma na rasa yadda zan yi da su. Bangonmu kwano ne, masai ɗaya muke shiga mu gida uku, in na zuba wari zai tona ni. In na kai juji, yara masu tsintar kwalba za su kwashe. Kuma duk ƙasar garin nan harami ce, a wane gefenta zan tsiyaya wannan abu? Sukarin ma yana nan a ƙulle, na kasa sha, na kasa zubarwa. Ga Rumasa'u da ciki. Ta ce in namiji ne sunan babanta za a sa, ta kuma roƙe ni in adana mata kolonyar Baba, ranar suna a zuba wa baƙi a hannu, ƙamshinsa ya halarci taron. Na ce mata to.

Jaridarku takan zo wurin wani tela a unguwarmu ta hannun matafiya, ta yi ta yawo gida-gida, ni shafin ajami nake karantawa. Wannan takarda zan ba wani alhaji mai komawa ta jirgin sama. Na sauya sunaye, ke ma ki sauya duk abin da kika ga zai nuna ni.

Na fita takaba tun kafin aikin hajji. Alhazai sun zo sun cika gari, sun je Mina sun dawo, sun fara watsewa, ga mu a watan cika-ciki. Mutane suna tafiyar shekara bakwai don su ga ɗakin da nake hangen hasumiyoyinsa daga ƙofata. Ina zuwa in yi salla, in roƙa wa iyayena da 'ya'yana na Wad Madani, in na zo kan sunansa sai harshena ya yi nauyi, in shafa in tashi. Kwalaben suna cikin akwati. Ɗawafin da na yi masa alkawari ban yi ba.

Taki,
Matar mai shibriya, Makka.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan mijinki, Ya ba ki haƙuri. Rubutunki bai ba ni wahala ba. Na sauya sunan garinku da unguwarku da wasu ƙananan abubuwa kamar yadda kika nema. Sana'ar na bari, don masu ita suna da yawa, kuma amsata tana bukatarta.

Zan fara da abin da ya fi sauƙi, wato kwalaben. Ba dukiya ba ce, ba gado ba ce. Ba a sayar da ita, ba a musanya ta, ba a kyautar da ita. Ki daina tunanin takardar nan da mai kanti ya nema. Ya san babu ita, ya neme ta ne don ya raba kansa da kayansa a gaban shaidu. Ko da kin zo da ita ya karɓa, abin da zai ba ki kuɗin giya ne. Ƙin da ya yi ya tsare ki daga cin abin da ba ki sani ba. Kada ki sake taka ƙofarsa.

Zubar da ita za ki yi, masai kuma shi ne wurinta. Na tambayi malamin da nake tambaya game da ƙasar harami, ya ce mutanen Makka ma suna da bayan gida, kuma ajiye giya a ɗaki a garin ya fi zubar da ita muni nesa ba kusa ba. Ki bi ta ɗaya-ɗaya, ranar da kike wanki. Ki tsiyaya, ki bi da ruwan sabulu da toka, ki ɗiga kananzir, ki kunna turaren wutarki kamar yadda kika saba. Ki ƙone jan zaren a murhu, ki wanke kwalaben ki farfasa su. Ki fara a satin da kika karanta wannan, don kowace rana da suka ƙara a ɗakinki hatsari ce gare ki. Sukarin kuwa na toshe miki baki ne. Ke mabukaciya ce, da kin sha ban ce kin yi laifi ba, amma na san ba zai wuce maƙogwaronki ba. Ki ba wani miskini ki huta da ganinsa.

Sai maganar tonon asiri. Gaskiya ne kin ambaci sunansa, ba zan ce miki ba a ji ba. Amma kin je ne da zuciyar matar da take alfahari da mijinta, kina neman sukari. Wanda ya ɗora ki a wannan hanya shi ne wanda ya ce miki turare ne. Ki kuma duba su wa suka ji. Mai kantin ya fi ki tsoron maganar. Mai dariyar kan benci ba zai iya ba da labarin ba sai ya bayyana yadda aka yi ya san ma'anar jan zare. Matan nan ba su san ki ba, sun gudu ne don kada a ce suna wurin. Watanni sun wuce, takardarki ba ta nuna wani ya canza miki fuska a unguwa ba. In ma wata rana magana ta iso ki, amsarki ɗaya ce, Allah Ya jiƙansa, ki wuce.

Kin tambaya ko tare suke hawa dutse da Tsoho. Ban sani ba, amma ki lura da abu ɗaya. An miƙa masa cikakkiyar kwalba a ranar da ba wanda zai tambaye shi inda ta shiga, ya mayar miki da ita da kakinta. Ya tsare likkafanin amininsa, ya tsare ki daga sanin abin da zai ƙona ki, ya haɗiye fushinki bai kare kansa ba. Ki fito ki amsa sallamarsa da kyau. Kada ki titsiye shi da tambaya. Ki ce masa kin gode da abin da ya yi ranar wanka, zai gane. Batun kantin ma, ba na cewa a zuba masa ido yana lalata mazan mutane, amma ke mace ce ke kaɗai, ba takardar zama, bai kamata ki kai ƙara da kanki ba. Ki bar wa Tsoho ya san dattijon da zai gaya wa, ba tare da sunan kowa ya fito ba.

Rumasa'u ba ta da bukatar wannan labari, ga ta da ciki. Amma kada ki cika kwalaben da ruwan wardi ki ce na Baba ne, ƙarya ce da za ki yi ta yi wa hidima har ƙarshen ranki. Ki ce mata kin buɗe kin tarar abin da ke ciki bai dace da hannun mutane ba, kin zubar. Gaskiya ce tsantsa. Za ta ji ba daɗi kwana biyu. Ki sayi ruwan wardi ko kaɗan ne don baƙi, ita kuma ki ba ta gammon babanta, shi ne ya ci guminsa. In namiji ne a sa masa sunan, da farin ciki.

Yanzu ga babbar maganar. Ba zan shafa wa abin da Rabe ya yi zuma ba. Shan giya babban zunubi ne, a garin da ya sha ta kuma ya fi girma, ciwon wuya bai halatta ta ba. Ya kuma yi miki ƙarya shekara da shekaru. Haushin da kike ji hakkinki ne, kuma ina zaton shi ne yake riƙe miki harshe fiye da kunyar. Amma ki auna duka. Mutumin da ya sha ranar Alhamis shi ne wanda asuba ba ta taɓa samu a kwance ba, shi ne wanda bai taɓa ɗaga miki hannu ba, shi ne ya sauke tsohuwar mutane lafiya kafin ya zauna ya mutu yana neman zamzam. Ɓoyewar da ya yi ta nuna ya san laifi ne, yana jin kunyar Allah da taki. Ba ki san abin da yake faɗa wa Ubangijinsa da asubahin Juma'a ba, ni ma ban sani ba. Zunubi bai fitar da shi daga Musulunci ba, hukuncinsa kuma ba a hannunki aka sa ba. Addu'a ai don masu laifi aka yi ta. Da can kina roƙa wa mutumin da kike ganin ba ya bukata. Yanzu kin san yana bukata, kuma duk duniya ba wanda ya san abin da zai roƙa masa kamar ke.

Kada ki jira sai haushin ya huce, ko sai kwalaben sun ƙare. Ki yi alwala gobe da safe ki tafi. In sunansa ya ƙi fitowa, ki ce mijina, Allah Ya san wanda kike nufi. In wannan ma ya ƙi, ki yi niyya a zuci ki taka kawai. Ya fi shekara ashirin yana ɗaukar waɗanda ƙafarsu ta gaza, yana zagaya ɗakin nan da su bai tambayi abin da suka aikata a garuruwansu ba. Yau shi ne ba ya iya takawa. Ki ɗauke shi zagaye bakwai.

Allah Ya gafarta masa, Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya sauki Rumasa'u lafiya. In kin je gaban ɗakin, ki sa da ni.

Gwaggo Sa'adatu